Sabon shugaba a ofis: yarda da kai koyonta ake yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana a kan wani abu da ke cin ma'aikatunmu a ɓoye, tun daga sakatariyar ƙaramar hukuma har asibiti, makaranta, banki da masana'anta. Abin nan shi ne halin da ma'aikaci ke shiga ranar da aka ƙara masa girma aka ce ga mutum takwas ko goma a ƙarƙashinsa. Jiya abokan aikinsa ne, tare suke karyawa da ƙosai da koko a bakin ƙofa. Yau shi zai sa hannu a takardar hutunsu, shi zai cike musu fom ɗin auna ƙwazo na ƙarshen shekara. A cikinsu akwai wanda ya isa ya haife shi. An ba shi kujera da hatimi da mabuɗi, amma babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa yadda zai tsaya da ƙafarsa.

Tsarin aikin gwamnati shi kansa yana haifar da wannan yanayi. Mai digiri yana kama aiki a matakin albashi na 8. Tsakanin mataki na 7 da na 14 ana duba ƙarin girma duk bayan shekara 3, in akwai gurbi kuma an ci jarrabawa. Ritaya kuwa sai an cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki. Ke nan cikin shekara goma sha kaɗan, matashin da bai kai arba'in ba zai iya zama shugaban sashen da ke da akawun da ya yi shekara 30 yana riƙe da fayil ɗin sashen. Jarrabawar ƙarin girma tana tambayar dokokin aiki da ƙa'idojin kuɗi da al'amuran yau da kullum. Ba ta tambayar ko mutum zai iya gaya wa dattijo cewa aikinsa ya yi latti, cikin ladabi, ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Rashin yarda da kai yana fitowa da fuska biyu, kuma guda ɗaya kawai mutane suke ganewa. Ta farko ita ce ta shugaban da ya yi shiru. Fayil ya zo teburinsa a kan abin da yake da ikon yankewa, misali sauya ranar aikin direba ko sayen tawadar na'urar buga takardu, sai ya rubuta a gefe cewa a miƙa wa darakta domin umarni. Fayil ɗin da ya kamata ya kwana ɗaya sai ya yi mako uku yana hawa da sauka. A mitin yana da magana, ya ma rubuta ta a bayan takardar ajanda, amma har a yi addu'ar tashi bai ɗaga hannu ba. In ka tambaye shi sai ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Fuska ta biyu ita ce ta mai tsawa. Shi ne mai cewa "ka san da wa kake magana?", mai raba takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kweri, a kan lattin minti goma, wanda ba ya yarda wani na ƙasa ya gabatar da rahoto gaban manya don kada a yaba masa. Jama'a suna ganin wannan a matsayin mai ƙarfin hali. Alhali tsoron da ke hana na farko magana shi ne yake sa na biyu ihu: tsoron kada a gane akwai abin da bai sani ba.

Ya kamata a raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Akwai yarda da kai, wato ka tabbata za ka iya wani aiki takamaimai, kamar jagorantar mitin ko tsara kasafin sashe. Akwai kuma sanin darajar kai, wato ka san mutuncinka bai rataya a kan ko aikin yau ya yi kyau ko bai yi ba. Wanda ke da ta farko babu ta biyu yana aiki da kyau har ranar da ya yi kuskure gaban jama'a, daga nan sai ya rushe ko ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Wanda ke da ta biyu zai iya cewa "ni na yi kuskuren nan" ya kuma yi barcinsa da dare. Shugaba yana buƙatar duka biyun, kuma hanyar gina su ba ɗaya ba ce.

Mun san akwai mai jin cewa wannan magana ta ci karo da tarbiyyarmu ta kunya da kawaici da ƙanƙan da kai. Ba ta ci karo ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya fassara girman kai da ƙin karɓar gaskiya da raina mutane. Babu inda aka ce faɗin abin da ka iya girman kai ne. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, ya kuma ambaci dalili biyu: amana da sani. Kunya tana hana mutum aikata abin ƙi. Abin da ke hana mai duba aiki gaya wa ɗan kwangila cewa simintinsa bai kai ba, ba sunansa kunya ba, sunansa tsoro, kuma ginin da zai faɗo kan mutane ba ruwansa da sunan da muka ba shi.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya bayyana a 1977 cewa tabbacin da mutum ke da shi na iya wani aiki yana fitowa daga kafofi huɗu: abin da ya taɓa yi da hannunsa ya yi nasara, abin da ya ga irinsa ya yi, abin da mutanen da ya yarda da su suka gaya masa, da kuma yadda yake fassara abin da jikinsa ke yi lokacin fargaba. Mafi ƙarfi a cikinsu shi ne na farko. Wannan ne ya sa shawarar nan da ta cika intanet, ta mutum ya tsaya gaban madubi yana cewa shi gwarzo ne, ba ta kai wa ko'ina. Zuciya tana neman hujja. In ba ta ga aikin da aka yi ba, ba za ta gaskata bakin mai ita ba.

Saboda haka wurin farawa shi ne sanin aikin, kuma wata na farko na tambaya ne. Sabon shugaba ya ware minti 30 ga kowane ma'aikacinsa, ɗaya bayan ɗaya, a rufe ƙofa, a ajiye waya. Tambaya uku sun isa: mene ne aikinka a zahiri daga safe zuwa tashi, me ke hana shi tafiya, kuma da kai ne a kujerata me za ka fara gyarawa? Ya rubuta amsoshin a gabansu. Kada ya yi alkawarin komai a wannan zama, domin alkawarin da aka yi a makon farko don neman farin jini shi ne yake zama sarƙa a wata na uku. Ya haɗa da masinja da mai shara da direba, don su ne suka san inda fayil ke maƙalewa da wanda ke zuwa ofis da rana tsaka. A cikin watan nan kuma ya karanta takardu uku da yawancin shugabanni ba su taɓa buɗewa ba: takardar da ta fayyace aikin kujerarsa, babin ladabtarwa na dokokin aiki, da iyakar kuɗin da yake da ikon amincewa da kashewa. Rabin fargabar yanke hukunci tana fitowa ne daga rashin sanin inda ikonka ya fara da inda ya tsaya. Wanda ya san cewa doka ta ba shi ikon amincewa da hutun kwana uku ba zai tura takardar sama ba.

Daga abin da ya ji, ya zaɓi matsala ɗaya ƙarama wadda kowa ke kuka da ita kuma za a iya gamawa cikin mako biyu. Jadawalin aikin dare da kullum yake faɗawa kan mutum biyu, ko littafin karɓar wasiƙu da ya cika tun bara ba a sauya ba, ko fankar da ta lalace a ɗakin akawu. Ya gyara ta har ƙarshe. Kuskuren da ake yi a nan shi ne ɗaukar babban abu, kamar cewa za a mayar da duk fayil cikin kwamfuta kafin ƙarshen wata. Aikin zai tsaya a rabi saboda kuɗi ko wutar lantarki, ma'aikata su ce dama mun faɗa, shi kuma zuciyarsa ta rubuta masa faɗuwa a shafin farko. Ƙaramin aikin da aka kammala ya fi gina mutum a kan babban da aka bari a hanya. Bayan na farko sai na biyu, mai ɗan nauyi fiye da shi.

Ya samu ƙaramin littafi na kansa, ba na ofis ba. Duk ranar Alhamis kafin tashi ya ɗauki minti 10 ya rubuta abu uku da suka tafi daidai a makon da abin da shi ya yi har suka tafi daidai, sai abu ɗaya da ya ɓaci da abin da zai sauya. A rubuta aiki, ba hali ba. "Na kira mai kawo kaya tun Litinin, shi ya sa magani ya iso kafin ya ƙare" rubutu ne mai amfani. "Na yi ƙoƙari" ba ya koyar da komai. Amfanin littafin yana fitowa ne ranar da darakta ya yi masa faɗa ya ji kamar bai taɓa iya komai ba, domin zuciya tana riƙe zagi ɗaya ta manta yabo goma, littafi kuwa ba ya mantawa. A 1978 Pauline Clance da Suzanne Imes sun yi rubutu a kan mata fiye da 150 masu digirori da manyan muƙamai waɗanda duk da haka suke jin cewa sa'a ce kawai ta kai su, kuma wata rana asirinsu zai tonu. Daga baya an ga maza ma suna fama da wannan. Maganinsa shi ne hujjar da aka rubuta da kwanan wata.

Sai maganar mitin, inda a nan ne aka fi jin jiki. Za mu faɗi abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba: da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ba rashin ilimi ke sa su shiru ba, tsoron kuskuren Turanci ne. Mutum ya san aikinsa ciki da bai, in da Hausa ne zai yi bayanin awa guda, amma yana tsoron ya karya ƙa'idar nahawu a yi masa murmushi. Hanyar fita ita ce shiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Daren mitin ya zaɓi batu ɗaya daga ajanda, ya rubuta jimla uku: ga matsalar da adadinta, ga abin da nake ba da shawara, ga abin da zai ci na kuɗi ko lokaci. Ya karanta su da murya a ɗaki sau uku, ko ya naɗa a waya ya saurara. Jimlolin su zama gajeru, don doguwar jimla ce ke kayar da mutum a tsakiya. A mitin ya yi magana cikin minti 15 na farko, domin duk minti ɗaya da ya ƙara jira, nauyin bakin yana ƙaruwa. Kada ya buɗe da ban haƙuri irin "wataƙila ba daidai ba ne amma". Ya fara da adadi. Wanda ya ce fayil 46 ne suka wuce wata guda a sashenmu, kuma 30 daga ciki sa hannun mutum ɗaya suke jira, babu mai sauraren nahawunsa.

Bugun zuciya da gumin tafin hannu da bushewar baki kafin magana ba alamar gazawa ba ne, jiki ne ke shiri. Masu wa'azi da lauyoyi da suka shekara ashirin a fagen suna jin su. Kafin a shiga, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida, sau biyar. Fitar da numfashi a tsawace yana rage saurin zuciya. A kurɓi ruwa, a dasa ƙafa biyu a ƙasa, a ajiye takardar a kan tebur maimakon riƙe ta, don takarda a hannu tana tona rawar jiki.

Akwai jimla ɗaya da ya kamata kowane shugaba ya saba da ita: "Ban sani ba, amma zan bincika in kawo amsa ranar Laraba." Sharaɗin shi ne a ambaci rana kuma a cika. Mai tsoro yana ƙirƙiro amsa nan take, a gina hukunci a kanta, bayan wata biyu ta rushe a kansa. A 1999 David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell sun gwada ɗalibai a kan nahawu da tunani, sai suka ga waɗanda suka zo a rukunin ƙarshe sun ɗauka sun fi rabin sauran ƙoƙari. Wato jin tabbaci da iya aiki ba koyaushe suke tafiya tare ba. Fankan fankan ba shi ne kilishi ba. Don haka shugaba ya nemi mutum biyu da za su gaya masa gaskiya, ɗaya sama da shi ɗaya a matakinsa, ya kuma yi musu tambayar da za ta amsu. "Yaya kake ganin aikina?" ba ta samun komai sai "ai Masha Allah". Ya ce: "A mitin ɗin jiya, wane abu ɗaya zan sauya?"

Mafi nauyi shi ne gyara wa na ƙasa, musamman dattijo. A nan sababbin shugabanni suke faɗawa ɗayan rami biyu. Ko dai su yi ta haɗiyewa wata da watanni har ranar da za su fashe gaban kowa, ko kuma su yi jifa a kasuwa, su tashi a mitin su ce "wasu mutane ba sa zuwa da wuri", wanda ake nufi ya yi kamar ba da shi ake ba, masu zuwa da wuri su ji haushi. Hanyar da ke aiki ita ce a yi maganar cikin kwana biyu da faruwar abin, a keɓe, kuma in dattijo ne shugaba ya tashi ya same shi a wurinsa, kada ya aika masinja ya kira shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A gaisa sosai, a tambayi iyali. Sannan a faɗi abu uku: ranar da abin ya faru, abin da aka gani da ido, da abin da ya jawo. Misali: "Baba, takardar albashin masu gadi ranar 20 ya kamata ta fita, sai ranar 26 ta bar teburinka. Mutum bakwai ba su samu kuɗinsu ba sai da wata ya shiga. Me ya faru?" Daga nan sai a yi shiru a saurara. Shirun yana da wuya, mai fargaba yakan cike shi da ban haƙuri har ya warware maganar da ya ɗaura. Sau da yawa akwai dalili na gaske, ciwon ido ne ko jiran wata takarda daga wani sashe. A ƙarshe a tsayar da rana: "Wannan watan ranar 18 za mu zauna mu duba tare." Kalmomin "kullum" da "ba ka taɓa" ba su da wuri a nan, domin da an faɗe su sai mutum ya fara lissafa ranakun da ya yi daidai, zancen ya koma gardama. Girmamawa tana cikin kira da Baba ko Malam ko Hajiya, da murya, da wurin zama. Ranar 18 kuwa ba ta motsawa.

Takardar tuhuma tana zuwa ne bayan an yi wannan magana an kuma maimaita abin. In ta zama dole, a rubuta abin da ya faru da ranarsa da dokar da aka saɓa da wa'adin amsa, ba tare da kalmar zagi ko ɗaya ba, kuma kada a rubuta ta ranar da rai ya ɓaci.

Tsofaffin abokai ma jarrabawa ce. Wanda kuke cin abinci tare zai zo neman alfarma: a rufe masa lattinsa, a sa sunansa a tafiyar da ke da alawus. In aka yi masa sau ɗaya, sauran sun gani, kuma daga ranar duk hukuncin shugaba za a auna shi da wannan. Amsar ta zama gajera, babu dogon bayani: "Wannan ba zan iya ba, don in na yi maka dole in yi wa kowa. Amma kawo takardar hutunka in sa hannu yau." Zai yi fushi na mako ɗaya ko biyu. Shugaban da darajarsa ta rataya a kan kowa ya so shi ba zai jure wannan makon ba, shi ya sa muka ce sanin darajar kai ba ado ba ne. Mata shugabanni suna ɗaukar ninki biyu na wannan nauyi: in ta sassauta a ce ba ta iya ba, in ta tsaya a ce ta cika zafi. Abin da ya fi kare ta shi ne komai ya zama a rubuce kuma ƙa'ida ɗaya ga kowa, sannan na sama da ita ya nuna a fili, tun ranar gabatar da ita, cewa hukuncinta hukuncinsa ne. Daraktan da ke barin ma'aikata su tsallake shugabar sashe su zo wurinsa kai tsaye, shi ne yake karya ta.

Game da yanke hukunci, a raba shi gida biyu. Wanda za a iya warwarewa in ya ɓaci, kamar jadawali ko rabon tebura, a yanke shi a ranar, ko da bayanin bai cika ba. Wanda ba ya warwaruwa, kamar kora ko sa hannu a kwangila ko biyan kuɗi mai yawa, a kwana a kansa, a nemi shawara, a rubuta dalili. Mai tsoro yana ɗaukar kowane hukunci kamar na biyun, shi ya sa teburinsa ke cika. Haka ma miƙa aiki. Shugaban da ke zama har magariba yana sake buga wasiƙar da akawu ya buga yana ganin ƙwazo yake yi, alhali yana koya wa mutanensa cewa kada su damu da inganci tunda oga zai sake. A miƙa aiki da abu huɗu a bayyane: abin da ake so, ranar da ake so, iyakar ikon da aka bayar, da ranar da za a leƙa a tsakiya. In ya dawo da kura-kurai, a nuna su a mayar wa mai shi ya gyara.

Dalilin da ya sa muka damu da wannan batu shi ne illarsa ba ta tsaya a kan shugaba ba. Ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Matuƙin KLM babba ne, shi ke horar da sauran matuƙa a kamfaninsu. Injiniyan da ke bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, aka ci gaba da gudu. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa ne kamfanonin jiragen sama suka fara horar da na ƙasa yadda zai ja hankalin na sama, da horar da na sama yadda zai saurara. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a binciken da ta yi a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar cewa sassan da ke da shugabanci mai kyau sun fi rubuta kura-kuran ba da magani. Ba wai sun fi yin kuskure ba ne, su ne ba sa tsoron faɗa. Takardar bin ƙa'idar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta tanadi cewa kafin a yanka fata kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, domin wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya ya fi iya cewa "likita, dakata". Shugaban da ya zauna daidai a cikin zuciyarsa ne kawai zai iya jin wannan kalma daga bakin ƙaramin ma'aikaci ya ce na gode. A ofis ana gane shi da abu mai sauƙi: a mitin yana fara jin ra'ayin mafi ƙanƙanta kafin ya faɗi nasa, don da zarar oga ya yi magana sauran sai "haka ne, ranka ya daɗe".

Wani lokaci abin ya wuce rashin sabo. In fargaba ta kai ga hana barci da cin abinci, ko mutum ya shafe fiye da mako biyu cikin ƙunci yana jin ba shi da amfani, wannan na likita ne, kuma ana warkewa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai kuma sashen a manyan asibitocin koyarwa.

Kiranmu ga ma'aikatu da kamfanoni shi ne su daina jiran mutum ya kai darakta kafin a tura shi kwas ɗin shugabanci. Akwai kwalejin horar da ma'aikata ta ASCON a Badagry, akwai asusun horarwa na ITF da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, wanda kamfanonin da doka ta shafa ke biya wa kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a shekara, kuma suna da damar neman a mayar musu da wani kaso in sun horar da mutanensu bisa ƙa'ida. Inda babu kuɗin kwas, akwai abin da ba ya cin ko sisi: duk wanda aka ɗora a kan sashe a haɗa shi da wani da ya riƙe irin kujerar aƙalla shekara biyar, daga wani sashe dabam don kada tsoron fom ɗin ƙarshen shekara ya shiga tsakani. Su zauna awa ɗaya duk mako biyu har wata shida, sabon ya zo da matsala ɗaya ta gaske daga teburinsa kowane zama, kuma a bar shi ya zauna a bayan ɗaki sau biyu ko uku yana kallon yadda babban ke jan mitin.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu horar da ma'aikata, daga Kaduna